Tiyatar Kwarmin Ido Ga Mai Cutar Graves: Me Ya Sa Ake Cewa A Jira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata goma sha huɗu ke nan da aka tabbatar mini ina da cutar Graves, kuma alhamdu lillahi gwajin jini na baya-bayan nan ya nuna sinadarin tayirod ya daidaita. Sai dai idanuna har yanzu a waje suke, suna yi mini kamar an zuba yashi, kuma maigidana ya ce ko barci nake yi ba sa rufuwa ruf. Likitan ido ya ce akwai tiyatar da ake yi a ƙashin kwarmin ido, amma sai na ƙara jira. Me ya sa zan jira alhali na gaji da kallon da mutane suke bi na da shi? Kuma shin ciro idon ake yi a mayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara kwantar miki da hankali: ba a ciro ido a wannan tiyata, ba a kuma yanka ƙwayarsa. Abin da ake yi wa aiki shi ne kwarmin da idon yake zaune a ciki, wato ramin ƙashi mai bango huɗu wanda cikinsa bai wuce mililita 30 ba, kimanin babban cokali biyu. A wannan ɗan wuri ƙwayar ido da tsokoki shida masu juya ta da kitse da jijiyar gani suke cunkushe. A cutar Graves garkuwar jiki ce take yin kuskure ta far wa tayirod, wato ƙullin da ke wuya mai fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki, ta kuma far wa tsokoki da kitsen bayan ido har su kumbura, kuma tun da ƙashi ba ya miƙewa, sai idon ya turo gaba. Maganin da kike sha ya gyara aikin tayirod, amma bai rage naman da ya riga ya ƙaru a bayan idon ba.

Aikin likitan tiyata shi ne ya samar da fili. Bayan an duba hoton siti-sikan, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi da naman cikin kwarmin, aka yi miki allurar barci, zai cire wani sashe na bango ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, ko ya rage kitse, ko ya haɗa duka. Bangon da ke gefen hanci siriri ne kamar takarda, kuma tun wajen 1990 ake isa gare shi ta cikin hanci da ƙaramar kyamara ba tare da an bar tabo a fuska ba. Idan aka buɗe shi, naman da ya kumbura sai ya faɗa cikin kogunan iska da ke maƙwabtaka da shi. Sauran bangayen ana bi ta cikin fatar ido ko ta ninkinta. Idon kan koma da 'yan milimita kaɗan, amma a fuskar mutum ko milimita 3 ba ƙaramin abu ba ne.

Batun jira kuwa, ina bayan likitanki ɗari bisa ɗari. Wannan ciwo yana da lokacin da yake kan ganiyarsa, yawanci wata 6 zuwa shekara 2, inda ja da zafi da kumburi suke hawa da sauka. Idan aka auna aka yi aiki a wannan lokacin, daga baya awon na iya tashi a banza. Shi ya sa ake so a ga ido ya tsaya a hali guda na aƙalla wata 6. Akwai kuma tsarin da ba a tsallakewa: kwarmi tukuna, sannan tsokokin ido idan akwai gani biyu-biyu, sannan fatar ido a ƙarshe, domin kowane mataki yana sauya abin da na bayansa zai tarar.

Amma akwai halin da jira ya zama ganganci, kuma ina roƙonki ki riƙe wannan da kyau. Idan launuka suka fara dusashewa, musamman ja ya koma kamar an wanke shi, ko gani ya yi hazo wanda ƙiftawa ba ta kawar da shi, ko wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido tare da raɗaɗi, to ki je asibiti a ranar. Na farko da na biyu alama ce cewa tsokoki sun matse jijiyar gani, na uku kuma gyambo ne saboda bushewa. Idan jijiya ce ta matsu, akan ba da sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin rage kumburi, ta jijiyar jini, in kuma bai yi aiki ba cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a yi tiyatar cikin gaggawa.

Ba zan ɓoye miki haɗarinta ba. Wanda ya fi faruwa shi ne gani biyu-biyu, wanda kan buƙaci wata tiyatar. Kumatu da leɓen sama kan daina jin taɓi na wasu watanni, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa na iya tsiyaya ta hanci, rasa gani kuma yana yiwuwa ko da yake da wuya ƙwarai. Bayan aikin za a hana ki fyace majina na kusan mako biyu, don kada iska ta shiga kwarmin.

Akwai kuma maganin teprotumumab, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020. Yana rage fitowar ido, amma yana da tsada sosai, yana kuma iya taɓa ji da ɗaga sukarin jini.

Kafin lokacin ya yi, ki nisanci hayaƙin sigari ko da na wani ne, domin yana cikin manyan abubuwan da ke tsananta wannan ciwo. Ki riƙa ɗiga maganin jiƙa ido da rana, da dare ki sa man ido mai kauri, ki ɗaga kai da matashi biyu, idan kuma fatar ta ƙi haɗuwa ki nemi likita ya nuna miki yadda ake manne ta da filasta. A ziyararki ta gaba ki tambaye shi milimita nawa ya auna a kowane ido, ki rubuta tare da kwanan wata, domin da wannan lissafin ne zai san watanni shidan sun fara ƙirguwa.