Kafin ka nemi biza, ka fara sa hannu a aikin

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce ka gama digirin farko a fannin tarihi, kana son zuwa Ingila ka yi na biyu a harkar gidajen tarihi ko adana tsofaffin takardu, kana kuma tambaya ko da ka iso za a ba ka wurin koyon aiki. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don masu neman wannan fanni a cikinmu ba su da yawa, rubuce-rubucen kakanninmu kuwa gara na ta cin su a cikin akwatuna.

Ana samun wurin, amma wanda hannunsa ya riga ya saba shi ake fara dubawa. Kwas ɗin adana takardu na Jami'ar Liverpool da na jami'ar UCL (University College London) a Landan suna son su ga ka taɓa aiki a ma'ajiya, ko da na sa-kai ne, tun kafin su karɓe ka. Saboda haka kada ka jira sai ka hau jirgi. Akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai Arewa House da aka kafa a 1970, da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihin Jos da Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya assasa a 1952. Rubuta wasiƙa ka kai da ƙafarka, ka roƙi a ba ka aiki takamaimai, ko da akwati ɗaya ne za ka tsara. Ka tanadi littafi kana rubuta duk abin da ka yi da sunan wanda ya duba aikinka, domin shi ne zai rubuta maka takardar shaida daga baya.

Ka kuma san irin aikin tun yanzu. Abin da baƙi suke gani a bayan gilashi kaɗan ne daga cikin abin da gidan ya mallaka, yawancin kayan suna ɗakin ajiya, kuma can za a kai ka. Za ka koyi ba kowane abu lambar shiga, ka rubuta inda ya fito da wanda ya kawo shi da halin da yake ciki, ko ya tsage, ko ya yi fumfuna. Fensir kaɗai ake riƙewa, biro ba ya shiga. Takarda da hannu wankakke busasshe ake taɓa ta, don safar hannu tana hana ka jin takardar har ka yaga ta ba ka sani ba. Hotuna da kayan ƙarfe su ake sa wa safa. Za ka riƙa duba na'urar auna laima da zafi, ka leƙa tarkon ƙwari, ka cire tsatsattsun filoli, ka mayar da takardu cikin kwalin da ba ya cin takarda.

A ma'ajiya akwai ƙa'idar da sabon shiga ya fi karyawa da kyakkyawar niyya: ba a gauraya takardun wani da na wani, ba a kuma sauya jerin da mai su ya bar su a kai. Idan alƙali ya ajiye wasiƙa a tsakanin shafukan littafinsa, zamanta a wurin shaida ce. Wanda ya ciro ta ya kai ta cikin tarin wasiƙu don ya gyara, ya ɓatar da labarin da ba zai dawo ba. Wannan kam sai ka gani da idonka a gaban gwani kafin ya zauna maka.

Sai abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Idan kana karanta Ajami da Larabci, kana da abin da ɗaliban Ingila da yawa ba su da shi. Ɗakin karatu na jami'ar SOAS da ke Landan yana da rubuce-rubucen Hausa, ma'ajiyar gwamnatin Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan tana riƙe da wasiƙun Turawan mulki na Arewacin Najeriya a rukunin takardu mai lamba CO 446, katin shigarta kuma kyauta ne. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗarin lalacewa, a bar na asali a ƙasarsu, kuma ya yi aiki a Najeriya da Mali. Hoto dubu bai da amfani idan ba wanda zai faɗi abin da ke ciki. Ka ƙarfafa karatun rubutun hannu, ka sa shi a sahun farko na takardar neman gurbinka.

Wajen zaɓen makaranta, tambayi ko kwas ɗin yana da zangon koyon aiki a cikinsa, kamar na Jami'ar Leicester da ke tura ɗalibanta gidajen tarihi. Wannan ya fi ka zo kana nema da kanka, don manyan gidaje masu nema sun yi musu yawa. Ƙananan gidajen tarihi da ma'ajiyoyin gundumomi sun fi saurin amsawa, kuma a can za a bar ka ka taɓa kowane ɓangare na aikin.

Bizar ɗalibi tana ba ka awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, kuma wani aikin da ba a biya yana iya shiga wannan lissafi, don haka ka tuntuɓi ofishin ɗaliban waje na jami'arka kafin ka amsa. Kada ka ɗora kuɗin hayarka a kan koyon aiki, galibi ba a biya, albashin fannin ma ba mai yawa ba ne. Idan ka samu wurin da ya karɓe ka a gida, turo mini bayanin abin da suka sa ka yi, sai mu zauna a kan takardar neman gurbin tare. Allah ya ba da sa'a.