Amsa: Bin sawun Washington a Pennsylvania

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana iya bin hanyar da George Washington ya bi a 1753 da ƙafa. Gaskiya mota ta fi, domin Washington's Trail galibinta titi ne mai alluna a yammacin jihar Pennsylvania ta Amurka.

Gwamna Dinwiddie na Virginia, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, ne ya aike shi, yana ɗan shekara 21, da wasiƙar neman Faransawa su fice daga yankin kogin Ohio. Christopher Gist ne ja-gabansa. Ka tsaya a Logstown, mazaunin wani tsohon ƙauye, inda Washington ya gana da Tanacharison, shugaban 'yan asalin ƙasar da ya raka shi arewa. A ganina ba a ba mutumin nan haƙƙinsa a labarin.

Daga nan sai Franklin, sannan Waterford, mazaunin sansanin LeBoeuf, inda kwamandan Faransa ya karɓi Washington da mutunci amma ya ce ba inda za su. Akwai gidan tarihi da gunkin Washington sanye da kayan sojan Ingila.

A Pittsburgh ka leƙa kogin Allegheny, inda ya faɗa ruwan ƙanƙara daga kan gadon fito a hanyar dawowa. Kada ka je a Disamba sai da rigar sanyi mai kauri.