Kuruza ko na tsere: wanne zan saya a Abuja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Kubwa, na tara kuɗin sayen babban babur na farko. Abokaina sun rabu gida biyu. Masu kuruza, wato babban babur na tafiyar natsuwa irin Harley, suna cewa masu babur na tsere yara ne da ke neman ajalinsu, su kuma na tseren suna cewa kuruza kujerar dattawa ce, ga ƙara ba gudu. Har ta kai sun daina fita tare ranar Asabar. Mene ne tushen wannan rashin jituwa, kuma wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faɗan da abokanka ke yi na aro ne, daga Amurka aka kawo shi, kuma a can ma faɗan kasuwa ne. Kamfanin Harley-Davidson ya fara aiki a garin Milwaukee a 1903, ya daɗe yana cin karensa babu babbaka a kasuwar manyan babura ta ƙasar. A 1969 Honda ta Japan ta fito da CB750 mai silinda huɗu, ga gudu, ga sauƙin kuɗi, ga shi ba ya yoyon mai. Kafin a shiga shekarun 1980 sosai Harley ta kusa durƙushewa, sai a 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ƙaƙaba harajin kashi 45 cikin ɗari kan baburan da ake shigowa da su masu injin da ya wuce cc 700 (cc ma'aunin girman inji ne). Japanawa suka rage injinansu kaɗan don su zille wa harajin, Harley kuma ta farfaɗo har ita da kanta ta nemi a janye shi a 1987. Daga wancan lokaci hawa Harley ya zama alamar kishin ƙasa ga Ba'amurke, mai babur ɗin Japan kuwa ana yi masa kallon bare. Japanawan ba su tsaya ba, suka ci gaba da fito da na tsere irin su Suzuki GSX-R750 a 1985, Yamaha R1 a 1998, da Hayabusa a 1999, a gefe guda kuma suna ƙera nasu kuruzan irin su Virago, Shadow da Vulcan. To ka ga mai Honda Shadow a Wuse yana yi wa mai Honda CBR na tsere ba'a, alhali aljihu ɗaya kuɗinsu ya faɗa.

Amma akwai bambanci na gaskiya, kuma shi ne ya raba fitar Asabar ɗin. Injin kuruza silinda biyu ne manya, ƙarfin jansa yana zuwa tun inji na juyawa wajen 3,000 a minti, don haka tafiyar natsuwa yake so. Zama a kansa ƙasa-ƙasa ne, ƙafa a gaba, baya a miƙe, nauyinsa kuma yakan haura kilo 300. Na tsere irin R1 kuwa kilo 200 ne ko kusa da haka, ba ya nuna ainihin ƙarfinsa sai inji ya haura 10,000, kuma mahayinsa a duƙe yake, nauyin jiki a kan wuyan hannu. A hankali wahala yake ba ka, sai an sake masa mara yake daɗi.

Ɗora waɗannan biyun a hanyar Jos ka gani. Da an wuce Keffi masu na tsere sun ɓace, su je Akwanga su tsaya jira suna tsaki. Masu kuruza su iso garau, su tarar da waɗancan suna miƙa da dafa kwankwaso. A kwanonin Hawan Kibo kuma lamarin ya juya: na tsere ya kwanta cikin kwana ya fita sumul, kuruza kuwa ba ya iya karkata sosai, matakin ƙafarsa ya riƙa kartar kwalta, dole mai shi ya rage gudu. Kowa sai ya ɗauki abin da mashin ɗin ɗan'uwansa ba ya iyawa ya mayar da shi halin mutumin. Wannan ya ce gaggawa da rashin tarbiyya, wancan ya ce tsoro. Ƙara da cewa kuruza mai tsada galibi a hannun masu shekaru da abin hannu yake, sai zancen ya koma na manya da yara.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a zarginsa. Babur mai cc 1,000 yana wuce kilomita 120 a awa tun yana giya ta ɗaya, faɗin titin filin jirgi da na Kubwa kuma yana ruɗar matashi. Ya manta da mai tsallaka titi a ƙarƙashin gadar da aka gina masa, da mai biyo hannun da ba nasa ba, da shanu. Sai dai ni a wurina masu kuruza ba su da bakin magana kan kiyaye rai. Sau da yawa mai na tsere ne za ka gani da cikakkiyar hular kwano, safar hannu da rigar kariya, mai kuruza kuwa da 'yar hula rabin kai da takalmi sau-ciki, wai ai ba gudu yake ba. Kwalta ba ta tambayar sunan babur. Ga cire salansa a dami unguwa da tsakar dare, wanda dukansu suke yi.

Batun saye kuma, kada ka fara da babba daga kowane gida. Nemi mai cc 300 zuwa 650 wanda ke da birkin ABS, mai hana taya ƙamewa in an taka birkin gaggawa. Honda Rebel 500 kuruza ne, amma injinsa na gidan CBR500R ne; Kawasaki Vulcan S kuma daga injin Ninja 650 aka samo nasa. Ke nan a wannan matakin yanayin zama kawai kake zaɓa, don haka hau kowanne ka ji wanda bayanka da tsawon ƙafarka suka yarda da shi. Duba hanyar gidanku ma: cikin kuruza kusa da ƙasa yake, yana bugun tudun rage gudu da ramukan cikin unguwa, shi kuma na tsere in ya faɗi ko a tsaye ne robobin jikinsa suke fashewa, kuma tsada gare su. Kayan gyaran na Japan sun fi samuwa. Harley yawancin notocinsa ma'aunin inci ne, ba kowane bakanike a Apo ke da sifanunsa ba.

In na hannu za ka saya, karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Wadda ta haura shekara biyar canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Ware kuɗin hular kwano da riga kafin ka yi ciniki. Ka yi lasisin babur da lamba ta mai zaman kansa, ka riƙa yawo da takardun, domin tun 2006 da Nasiru El-Rufa'i ya hana acaba a tsakiyar birni jami'ai ke sa ido kan mai ƙafa biyu.

Abokanka kuwa, su raba ayarin biyu, kowa ya yi gudun da ya dace da mashin ɗinsa, a sa wurin haɗuwa a Keffi da Akwanga. Kai sabon shiga ka bi ayarin masu kuruza ko da na tsere ka saya, har hannunka ya faɗa.