Filin Tambaya: Kayan Hawan Dokin Matan Turawa a Tsofaffin Zane

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni mai ɗinki ce a Mabera, Sakkwato. Wata kwastoma ta turo mini hoton tsohon zanen fentin ruwa: Baturiya a kan doki, ƙafafunta duka a gefe ɗaya, ga kwat matsattsiya, ga doguwar hula, ga siket ya kusa share ƙasa. Wai irinsa take so na biki. Da gaske an sa wannan, ko mai zane ne ya ƙaga?

AMSA: Ƙanwata, an sa shi ƙwarai. Mujallun ado na Landan da Faris, irin su Ackermann's Repository da ta fara fitowa a 1809, sukan buga hoton, sannan a bi shi da fentin ruwa da hannu, kwafi bayan kwafi. Talla ce, shi ya sa ba ki ga ƙura ko gumi ba.

Telolin maza ne ke ɗinka shi, da ulu mai kauri, galibi baƙi ko shuɗi mai duhu. Hular ma ta maza ce, an dai yafa mata siririn mayafi. Mu a nan ba za mu yi mamaki ba, tunda malfa Nana Asma'u ta riƙa ɗora wa jajinta, wato matan da take turawa su koyar da mata a ƙauyuka.

Siket ɗin ne matsalarki. An yanka shi don zama a sirdin gefe, inda mace ke saƙale ƙafar dama a wani ƙaho da ke jikin sirdin, ta sa ta hagu a likkafa. Ƙaho na biyu mai riƙe cinyar hagu sai wajen 1830 aka ƙara shi. A kan doki siket ɗin ya zuba shar, har dalma wasu ke ɗinkewa a bakinsa kada iska ta ɗaga. Da ta sauka kuwa sai ta tattare shi a hannu kafin ta yi taku. In ta faɗi, yakan maƙale a sirdi doki ya ja ta, dalilin da ya sa daga baya aka fito da mai ɓallewa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi irin wannan hawa a faretin Landan har 1986, amma da kayan soja.

Ki ɗauki kwat ɗin kawai, da jerin maɓallanta da matsewar ƙugu, ki yi ta da shadda ko yadi marar nauyi. Ulu a zafin Sakkwato na watan Afrilu, ai kafin a gama kamu ta sume. Siket kuwa ki yanka shi daidai idon sawu, kuma ki nuna mata zanenki a takarda kafin ki sa almakashi.