Ga mai tambaya kan masu alƙawarin buɗe masana'antu

Ɗana, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce an rufe kamfanin da mahaifinka yake aiki a Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, ga kuma ɗan takarar majalisar tarayya yana yawo yana cewa zai buɗe masana'antu, ka yarda da shi ko ka yi zamanka a gida ranar zaɓe. Wallahi labarina ka bayar.

Ni a Bompai na yi nawa, a masaƙa, shekara 19. Ranar da aka rufe mu babu wanda ya sanar da mu. Na fito aikin safe da kwanon abinci ɗaure a bayan keke, na tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Maigadin da muke shan shayi tare ya kasa haɗa ido da ni. Kuɗin sallama kuwa har yau shiru.

Da zaɓe ya matso sai ga wani ɗan takara har bakin ƙofar, ya hau bayan mota ya rantse zai ƙwato mana haƙƙinmu. Ni da kaina na tsare masa akwati har dare. Da ya ci, mu bakwai muka je gidansa. Tun hantsi muke zaune a rana har la'asar sakaliya, cikinmu har da dattijon da ya koya mini inji. Daga ƙarshe yaronsa ya leƙo ya miƙa mana ɗari biyar-biyar, wai mu hau mota. Dattijon nan ya karɓa, don ba shi da na komawa gida. Wannan karɓar ce ta tsaya mini a rai. Ya rasu bai ga kwabo ba, Allah ya jiƙansa.

To ka tambayi naka ɗan takarar, da wace wutar? Rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari su suka kashe mu, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 abin ke tafiya ƙasa. Ɗan majalisa ɗaya ba ya tayar da inji. Ka tambaye shi ina aka kwana kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da fara aikinsa a 2020. In ya fara kame-kame, ka gane.

Amma zaman gida, a'a. Mu da muka yi ihun PRP a 1979 har Rimi ya hau, mun san ƙuri'ar Kano tana cizo. A 2003 aka kayar da Kwankwaso yana kan kujera, Shekarau ya hau, a 2011 kuma aka dawo da Kwankwaso. Wanda ya ga yadda idon duniya ya koma kan mazaɓar Gama a zaɓen gwamna na 2019 ba zai raina akwati ɗaya ba. Sai dai kar ka yarda a sa ka jagaliya, ɗan kowa ba ya ciki sai ɗan talaka.

Ka ce wa mahaifinka ya adana takardar ɗaukar aiki da katin shaidarsa na kamfani, tawa ruwan sama ya cinye ta. Ka gaishe shi. A wane sashe ya yi aiki?