Amsa ga mai tambaya kan zafafan launuka a zanen gona

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce in ka zana gona da fentin mai sai ta fito a mace, in kuma ka zuba launuka masu ɗaukar ido sai ta koma kamar allon tallar taki, kana neman yadda za ka yi. Na daɗe ina zanen gonaki, na damina da na kaka, ga abin da hannuna ya sani.

Launi daga maƙwabcinsa yake samun ƙarfi. Ka tsaya wajen shanyar barkono a gefen titi bayan an ɗauke ruwa. Abin da ya sa kake ganinsa ja wur, ƙasar da ke kewaye ta yi fari, ciyawa ta bushe, hazo ya kashe sama. In ka koma gida ka sa sama shuɗiya shar, bishiya koriya shar, rigar mai shanya rawaya, to barkonon ya ɓace ko da jan da ya fi kowane tsada ka saya. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Kafin ka taɓa burushi ka yanke shawarar launin da zai yi mulki, sauran ka rage musu murya.

Kore ne ya fi kayar da mutane, musamman a gonar marka. Koren da ke fitowa daga tiyub ni ba na kai shi kan kyalle yadda yake. Nakan haɗa nau'in fentin da ake kira rawayar kadmiyam da wanda ake kira shuɗin altramarin, in ɗiga ja kaɗan ya karya tsaminsa. Ka je ka tsuguna gaban karan dawa ɗaya da hantsi, ka duba da kyau. Ganyen da ya kalli sama ya ɗauki hasken gajimare, ya kusa zama toka-toka. Wanda rana ke ratsawa ta baya tsanwa ne mai rawaya, kamar an kunna masa fitila. Na ƙasa ya yi duhu, gefensa da ɗigo-ɗigon ja. Kara ɗaya ke nan. Koren gyaɗa kuma daban da na masara, kunyoyin nesa sun fi na kusa karkata ga shuɗi. Wata dabara da nake so: in fara shafe kyallen duka da siyena, wato jan ƙasa, a tsinke sosai, in bari ya bushe, sannan in ɗora koren ba tare da na rufe ko'ina ba. Jan da ke leƙowa ta tsakanin ganye shi ke sa koren ya tashi.

Ka nemi hotunan da Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, ya zana a garin Arles, kudancin Faransa, a watan Yunin 1888, lokacin girbin alkama. A hoton da ya zana na wani mai shuka, sama rawaya ce gaba ɗaya, ƙasar noma kuma shuɗi da shunayya da ruwan goro. Ba wanda ya taɓa ganin gona haka, amma ido ya yarda, domin abin da ya kamata ya yi haske ya yi, mai duhu ma ya tsaya a duhunsa. Ga gwaji mai sauƙi: ɗauki zanenka da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. In komai ya haɗe ya zama toka ɗaya, a nan ciwon yake, ƙarin launi ba zai warkar da shi ba.

Baƙin fenti ka nesanta shi da inuwa. Inuwar rumbu ko ta dami a kan yashi shuɗi da shunayya ne a cikinta. Haka Monet, mai zane ɗan Faransa, ya yi wa tarin damman hatsin da ya riƙa zanawa a ƙauyen Giverny a 1890 zuwa 1891. Fari ma ka yi hattara, in ya yi yawa sai launi ya zama alli. In kana son ja ya ƙara haske, ruwan goro za ka sa masa.

Sai hannu. Ka ajiye launi sau ɗaya ka bar shi, yawan komawa da burushi ke jawo laka. Ka ware burushin launuka masu zafi, irin su ja da rawaya, daban da na masu sanyi, irin su shuɗi da kore, zangarniya kuma wuƙar fenti ta fi fitar da ita. Shafin farko ya zama tsinkakke, mai kauri da yawan mai ya biyo baya, in ba haka ba zai tsattsage.

Kan saye, in kuɗi bai kai ba, gara ka sayi ja da rawaya masu kyau, sauran ka yi da masu araha na ɗalibai. Jan banza yana koɗewa. Van Gogh kansa bai tsira ba, wasu furanninsa da ya zana shunayya yau shuɗi ne saboda jan ciki ya gudu. Kadmiyam guba ne, kada ka riƙe burushi da baki, kuma yana jinkirin bushewa. In hunturu ne ka jingina zanen fuskarsa na kallon bango, don ƙurar da ta manne wa ɗanyen fenti ba ta fita.

Ka turo mana zanen, har da na baƙi da farin, mu duba tare.