Hukuncin wasan fashin banki a kwamfuta, da tsarin "wanda ya ɓata aiki shi zai biya"

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a nan Kaduna, ina zaune a Tudun Wada. Mu huɗu ne abokai, duk Asabar bayan La'asar mukan je wani gidan gem mu buga wasan da ake kira Payday 2. A cikin wasan mu ne 'yan fashin: mu rufe fuska, mu shiga banki ko shagon gwal, mu ɗaure mutanen da ke ciki, mu fasa ma'ajiya, mu kwashi jakunkunan kuɗi, in 'yan sanda sun zo a yi ta musayar wuta. Wani ɗan ajinmu ya ce zunubina ɗaya da na ɗan fashi, har ya karanto min ayar masu yaƙar Allah da ManzonSa, abin ya tsaya min a rai. Mu dai ba ma caca. Kuɗin awa ɗaya naira 500 ne kowane mutum, wanda ya yi sakaci aka gano mu shi ke biya wa kowa, don dai a riƙa mai da hankali. Wani lokaci ƙanena ɗan shekara 12 kan cike gurbi in ɗayanmu bai zo ba. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da abin ya dame ka har ka tambaya. Maganar ɗan ajinku ba daidai ba ce. Ayar Suratul Ma'ida ta 33 tana magana ne a kan wanda ya tare hanya da makami, ya tsorata bayin Allah, ya ƙwace dukiyarsu ko ya zubar da jininsu. Kai ba ka karɓi sisin kowa ba, ba ka razana kowa ba. Ka gaya masa cikin ladabi ya daina ɗora ayoyin haddi a kan abin da ba a saukar da su dominsa ba.

Amma haramcin da ke cikin tambayarka yana wani wuri, a jimlar da ka wuce da sauri. Ka ce ba kwa caca, sannan a numfashi ɗaya ka siffanta caca. Ku huɗu kun zauna, kuɗin zama naira 2,000. Kafin a fara babu wanda ya san ko zai tashi bai biya komai ba, ko zai biya 2,000 shi kaɗai. Da an gama, mutum uku kowanne ya tsira da 500 ɗinsa, mutum ɗaya ya yi asarar 1,500 a kan abin da yake wajibinsa. Malaman fiƙihu sun ce caca ita ce kowane ɗaya daga cikin masu wasa ya shiga yana tsakanin samu da asara, sakamakon wasan ne zai raba. Abin da kuke yi ke nan duk Asabar, kuma haramun ne.

Na san akwai masu sauƙaƙa wannan, har da wasu masu karatu, kuma samari sun riƙe maganarsu a gidajen gem da teburan sunuka. Babbar hujjarsu ita ce wanda ya ci bai karɓi komai a hannunsa ba, kuɗin aljihun mai shago suka shiga, shi kuwa ladan na'urarsa da man janaretonsa ya karɓa. Wannan kallon hannu ne, ba kallon haƙƙi ba. Tun da ka zauna a kan kujerar nan, naira 500 ta zama bashi a wuyanka. Wanda ya sauke maka bashi ya ba ka dukiya, ko ta bi ta tafin hannunka ko ba ta bi ba. Amfanin awa ɗaya a gaban kwamfuta abu ne da ake saye da kuɗi, kai kuma ka same shi daga aljihun abokinka saboda ya faɗi. Mutum huɗu su zauna wajen mai shayi, su jefa kwabo, wanda ta faɗa a kansa ya biya shayi da burodi da ƙwan kowa: wa zai ce wannan ba caca ba ce don kuɗin mai shayi ya karɓa?

Sai su ce ai da yardar kowa ne, abokai ne, kamar ɗaukar nauyi ne. Yarda ba ta halatta caca, kamar yadda ba ta halatta riba. Duk 'yan cacar duniya da yardarsu suke zama. Kyauta kuwa ita ce ka bayar don ka ga dama. Wanda aka ce dole ya biya saboda shi kyamara ta hango, ba kyauta ya yi ba. Ka gwada wata Asabar, in ya faɗi ya ce yau ba zai biya ba, ka ga ko za a rabu ana dariya.

Akwai kuma masu cewa caca sai abin da ya dogara da sa'a, wannan kuwa gwaninta ce. Ko da gwaninta ce zalla, shari'a ba ta buɗe ƙofar sa kuɗi a kowace gasa ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita ta ga tseren raƙuma da dawaki da harbin kibiya, kuma a kan haka Shehu Khalil ya tafi a Mukhtasar. A waɗannan ukun ma, mashhurin mazhabarmu shi ne ba ya halatta masu gasar duka su zuba kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe. Wanda ya ce wasan harbi a kwamfuta ya shiga babin harbin kibiya, sai mu tambaye shi wace garkuwa ga al'umma ake samu daga danna maɓalli. Balle ma wasan naku ba gwaninta ce zalla ba. Masu shi sun tsara shi ne yadda wuraren masu gadi da kyamarori da abin da ake nema sukan sauya daga zagaye zuwa zagaye. Mai gadi ya juyo lokacin da ba a zata ba, wani daga cikin mutanen banki ya zame ya kira 'yan sanda, shi ke nan naira 2,000 ta hau kan wani.

Hujjar da ta fi kama da gaskiya ita ce wadda kai ma ka yi nuni da ita: wannan wasan haɗin gwiwa ne, ba a karawa da juna, ko a ci tare ko a faɗi tare, don haka abin da ake biya tara ce ta ladabtarwa, ba kuɗin caca ba. Gaskiya ne wasan da kamfanin Overkill na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013 na mutum huɗu ne masu aiki tare. Amma ku kun dasa wata gasa ta biyu a cikinsa, gasar wa zai fara kuskure, kuma ita aka ɗaura wa kuɗi. Tara tana zuwa ne a kan ɓarnar da aka yi wa wani, ko saɓa wani haƙƙi. Wace ɓarna abokinka ya yi maka don ya makara wajen amsa rediyon mai gadin da aka kashe a cikin hoto? Kuma tara ba ta komawa riba ga waɗanda suka yanke ta. Ka duba zuciyarka da gaskiya a lokacin da ƙararrawa ta kaɗa kuma ba kai ne sanadi ba. In ka ji wani sanyi-sanyi na cewa yau ka huta biya, to ka ga abin da aya ta 91 a Suratul Ma'ida take faɗa, cewa Shaiɗan yana son jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyar giya da caca. Ina da yaƙinin kun sha musu a kan wa ya jawo aka gano ku, domin a irin wannan wasa ba kullum ake sanin mai laifi ba. Ƙanƙantar kuɗin kuma ba ta canza komai. Caca ba ta da nisabi.

Gyaran mai sauƙi ne. Kowa ya biya nasa. Ko wani ya ce tun kafin a zauna, yau ni zan biya, ba tare da sharaɗi ba. Ko ku yi karɓa-karɓa, wannan makon wane, mako mai zuwa wane, ko an ci ko an faɗi. Abin da ya wuce, ka tuba, ka ƙiyasta sau nawa aka biya maka ta wannan hanya ka mayar wa masu shi, ko ku zauna ku yafe wa juna da zuciya ɗaya. Ka kuma yi sadaka da abin da ya sauwaƙa, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Mai gidan gem ɗin, kuɗin hayar na'urarsa halal ne a asali, amma in ya san ana wannan tsari a shagonsa wajibi ne ya hana.

Saura wasan kansa in an cire kuɗin. Asalin wasa halal ne matuƙar bai ci sallah ko wani wajibi ba, wannan sananne ne. Amma ba zan ba ka halasci mai tsabta a kan wannan ba. Imamu Malik ya ce babu alheri a wasan shaɗaranji, wanda 'yan itace ne kawai a kan allo. Wannan kuwa wasa ne da ba a ba ka zaɓin zama komai ba sai ɗan fashi. Kai ne mai daka wa mutane tsawa su kwanta, kai ne mai ɗaure musu hannu, in an kama ɗayanku ku ba da wanda kuka yi garkuwa da shi a sako muku naku. Ɗan sandan da ya zo ceton mutane shi ne abokin gaba. Ko kashe farar hula da wasan yake hukuntawa, kuɗi kawai ake cire maka. Akwai ma aikin da ake sa ku dafa miyagun ƙwayoyi. Hukuncinsa a wurina makaruhi ne mai ƙarfi ga baligi mai hankali da ke tsare sallarsa, barinsa ya fi. Yana zama haramun in ya kai ga fitar da sallah daga lokacinta, ko zuciya ta fara sha'awar abin da gaske. Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da rai ya raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba, amma hadisin Abu Kabsha da ke cikin Tirmizi ya nuna cewa wanda ya ce da ina da hali da na yi irin ɓarnar wane, zunubinsu ɗaya saboda niyyarsa. Ka kula da irin hirar da kuke yi bayan kun fito, ta da a ce mutum zai samu irin wannan jaka ɗaya tak.

Ban ce wasan nan ne ke haifar da 'yan bindiga ba. Waɗanda suka addabi hanyar Birnin Gwari ba a gaban kwamfuta suka koya ba. Abin da nake ce maka shi ne ka tuna garin da kake. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zuwa nan Kaduna, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji, na ƙarshensu ba su dawo ba sai a watan Oktoba. A Maris 2024 aka kwashi 'yan makaranta a Kuriga. Tsakanin Tudun Wada da Rigasa ba za ka rasa gidan da aka sayar da fili ko mota aka biya kuɗin fansa ba. Wanda ya tsara wasan a Turai, ya ajiye labarinsa a birnin Washinton na Amurka, wataƙila a fim kawai ya san garkuwa da mutane. Kai kana sallah sahu ɗaya da waɗanda aka ɗaure wa hannu da gaske. In kuna wasan kuna ɗaga murya, ɗaure shi, harbe shi, kwaso kuɗin, ka yi tunanin wanda ke wucewa ta bakin shagon. Ban da zunubi ma, a halin da ake ciki irin wannan magana a bakin samari huɗu tana iya jawo musu tambayoyin da ba su shirya amsawa ba.

Ƙanenka kuwa, kada ka sake kai shi. Hukumomin tantance wasanni na Turai ma shekara 18 suka sa wa wannan wasa, su da ba su da ruwa da halal da haram. Yaro ɗan shekara 12 amana ne a hannunka, kuma abin da ya ga yayansa yana yi da murna shi ne daidai a wurinsa. Sannan ka amsa wa kanka wannan: ranar da shi ne ya ɓata aikin, wa ya biya 2,000? In shi ne, daga ina ya samo? In kai ka biya masa, to ka zaunar da shi a teburin caca ka koya masa yadda ake yi. Ka nemi gafarar Allah a kan wannan musamman, kuma ka gaya masa da bakinka cewa tsarin kuskure ne, kada ya ɗauka girma ne kawai bai kai ba.

Ba ka ambaci Magariba ba, ni zan ambata. Kuna shiga bayan La'asar, wasan kuma in ana yin sa tare ta intanet ba a dakatar da shi, wani aikin yakan haura rabin awa, in ka tashi ka bar 'yan'uwanka uku a tsakiyar wuta. Na san yadda ake yi: a kira sallah, a ce bari injin ya gama huda ƙofar ma'ajiya, injin ya tsaya a gyara shi, a ce bari a kai jakunkuna mota, kafin a ankara an sallame a masallacin unguwa. Lokacin Magariba a mazhabarmu ƙunci gare shi. In har za ku zauna, kada ku fara sabon zagaye in rana ta yi ja, kuma ku rage kiɗan da ke cikinsa, akwai wurin kashe shi. In abokan naka sun ƙi sauya tsarin biyan, kai ka ajiye 500 ɗinka a hannun mai shago kafin ka zauna, ka faɗa musu ba ka cikin sharaɗin. In sun ce sai da shi, ka tashi.

Wallahu a'alam.